Me ya sa kare ya fi jin magana a hannun yaron da ya ajiye tsumagiya?

A ƙauyukan Dambatta, Bichi da Kunci, inda gona ke manne da gona, kare ma'aikaci ne. Shi ke gadin awaki da dare, shi ke bin 'yan farauta daji idan an gama girbi. Malamai ma sun halatta ajiye shi don gadin gona, kiwo ko farauta. Yawanci wani saurayi ne zai karɓo kwikwiyo wajen abokinsa, ya raɗa masa suna, ya fara horar da shi. To da me? Galibi da tsumagiya da tsawa. Akwai abin koyo game da wannan daga inda ba a zata ba: gidajen gyaran halin matasa.

A shekarar 1993, wata malama mai suna Joan Dalton ta kafa shirin Project POOCH a gidan horon matasa na MacLaren da ke jihar Oregon a Amurka. Ana ɗauko karnukan da aka yasar daga gidajen da ake tara su, a damƙa wa matasan da ke tsare. Su za su ciyar da su, su yi musu wanka, su koya musu zama da zuwa idan an kira, sannan wani iyali daga waje ya zo ya karɓi karen. A Scotland ma an fara irinsa a 2011 a gidan yarin matasa na Polmont, da haɗin gwiwar Jami'ar Stirling. Ƙa'idarsu ɗaya ce: babu duka. Kare ya yi daidai, a ba shi lada nan take. Ya yi kuskure, a sake gwadawa.

Wani zai ce ai wannan shagwaɓa ce irin ta Turawa. Amma an auna abin. A 2020 masu bincike a Porto, ƙasar Portugal, sun bibiyi karnuka 92 daga makarantun horo bakwai. Waɗanda ake hora da tsawa da fizgar igiya sun fi yawan lasar leɓe da hamma, alamun damuwa ke nan a wajen kare, kuma sinadarin kotisol, wanda jiki ke saki lokacin fargaba, ya fi hawa a yawunsu bayan darasi.

Gwajin da ya fi burge ni shi ne na kwano. An saba wa karnukan cewa idan kwano yana wannan gefen ɗaki akwai nama a ciki, idan yana wancan gefen wayam ne. Daga nan sai aka ajiye shi a tsakiya. Karnukan da suka saba da horo mai tsauri sun fi jan ƙafa kafin su je su duba, kamar sun riga sun yanke ƙauna. Kenan tsoron ba ya tsayawa a filin horo, yana bin kare har cikin yadda yake fuskantar sabon abu. Karen da ke tsorace kuwa shi ne mai saurin kai cizo.

Shi ma yaron horo yake sha. Dole ya ba da ladan cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, in ba haka ba kare ba zai gane abin da aka yaba masa ba. Dole ya karanci kunne da wutsiya, ya haɗiye fushinsa, ya maimaita abu ɗaya har ya zauna. Matasan Polmont da aka tattauna da su sun ce sun ƙara haƙuri da yarda da kai. Sai dai kada mu yi saurin cewa kare na hana komawa laifi: ba kowane yaro ake sakawa a shirin ba, sai an tace, don haka da wuya a raba tasirin karen da halin da yaron ya zo da shi. A nan gida, makarantun Borstal irin ta Kakuri a Kaduna sun fi karkata ga sana'o'in hannu kamar kafinta da ɗinki, amma ni ina ganin saurayin da ya iya hora kare ba duka ya samu sana'a shi ma.

Idan za ka karɓi kare a ƙauye, musamman babba wanda ba ka san tarihinsa ba, horo ba shi ne farko ba. Fara da allurar rigakafin haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar na kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, kusan duka ta hanyar karnuka, kuma kimanin kashi 40 cikin ɗari na waɗanda ake ciza yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ana yi wa kwikwiyo allurar tun yana wata uku, a riƙa sabuntawa kamar yadda likitan dabbobi ya tsara. In kuwa ya ciji wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa na tsawon minti 15, a garzaya asibiti a ranar, ko da ciwon bai kai a kalla ba.