Wuyar Da Aka Sha Kafin A Sami Mulkin Kai, A Amurka Da Nan Arewa

Masu magana sun ce sai an sha wuya a kan sha daɗi. Duk malamin da zai karanta wa yara labarin mulkin kai ya kamata ya nuna musu wuyar tukuna, don yaron da aka faɗa wa ranar biki kaɗai, zai zaci 'yanci kyauta ce aka miƙo.

Mu fara da Amurka. A ran 4 ga Yuli, 1776, jihohi 13 suka yi shelar sun fita daga hannun Sarkin Ingila, da ma sun daɗe suna kukan ana aza musu haraji alhali ba su da wakili a majalisar Landan. Thomas Jefferson shi ya tsara takardar, George Washington kuwa shi ya riƙe rundunar yaƙi. A hunturun 1777 zuwa 1778 rundunar ta yi sansani a Valley Forge, ga yunwa, ga ciwo, waɗansu ko takalma ba su da su, har wajen mutum 2,000 suka mutu ba da harbin abokin gaba ba. Ingila ba ta amince ba sai a 1783. Akwai kuma Nathan Hale, malamin makaranta, wanda Ingilishi suka kama yana leƙen asiri, suka rataye shi a Satumba 1776, yana da shekara 21.

To, a nan Arewa ba da bindiga aka nema ba, amma malaman makaranta ne suka ja gaba. Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922 don horar da malamai, ita ta yaye Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa. A Bauci, Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano suka riƙa tara ma'aikata ana muhawara a kan yadda ake mulki, har hukuma ta hana taron. A 1950 Abubakar ya tashi a majalisa a Kaduna ya nemi a gyara tsarin En'e. A cikin wannan shekara aka kafa NEPU a Kano ran 8 ga Agusta, Malam Aminu kuma ya ajiye aikinsa na Kwalejin Horon Malamai ta Maru, ya bar albashi a zamanin da mai albashi ɗaya kan ɗauki gida guda.

Kowane ɓangare ya ɗanɗana tasa. 'Yan NEPU sun sha ɗauri da bulala a kotunan En'e, an kori waɗansu daga aiki, Gambo Sawaba ma, mace, ta shiga kurkuku sau da dama. Wakilan NPC kuwa, da Anthony Enahoro ya kawo shawara a 1953 a karɓi mulki a 1956, Sardauna ya ce a jira lokacin da ya dace, sabo da Arewa ba ta da isassun ma'aikata masu ilmin zamani. Aka yi musu ihu a Ikko, a watan Mayu kuma tarzoma ta tashi a Kano, aka yi hasarar rayuka. Malam Sa'adu ya rasu a 1958 bayan doguwar jinya, bai ga mulkin kan Arewa na ran 15 ga Maris, 1959, ba, balle na Nijeriya na ran 1 ga Oktoba, 1960. Sardauna da Abubakar sun gani, amma aka kashe su a juyin mulkin Janairu 1966.

Mutanen Zango ba baƙin dogon haƙuri ba ne. Tun da jihadi ya fitar da Sarkin Gwari Abdu daga Daura wajen 1805, zuriyarsa suka riƙe sarautarsu a waje, har suka zauna a Zango, sai a 1906 Malam Musa ya koma birnin kakanninsa. Shekara ɗari ke nan, waɗanda suka fita ba su ne suka koma ba.

Sabo da haka muna roƙon malamai, in sun zo kan wannan darasi, su ambaci mutanen duka, na NPC da na NEPU, kada son jam'iyya ya sa a binne rabin labari. Akawuna kuwa su tuna, abin da aka yi wa kuka a Amurka da nan duk ɗaya ne, watau a karɓi kuɗin talaka ba a ji ta bakinsa ba. Wanda ya riƙe littafin haraji da gaskiya ya riƙe amanar waɗanda suka sha wuyar. Allah Ya ji ƙansu, Ya ba mu ikon riƙon abin da suka bari, amin.