Dawowa Daga Khartum

Tun zamanin kakanninmu, hanyar gabas zuwanta ya fi dawowarta sauƙi. Alhazan ƙasa sukan ya da zango a Omdurman, bakin kogin Nilu, da niyyar hutun wata guda. Guzuri ya ƙare, su gangara gonakin audugar Jazira neman na komawa, wata ya zama shekaru. Jikokin da yawa daga cikinsu Sudan suka sani gida.

Mu ma mun shaida irin wannan jinkiri a 2023. Ranar 15 ga Afrilu, cikin goman ƙarshe na Ramadan, yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF. Filin jirgin saman Khartum na cikin wuraren da aka fara gwabzawa, nan take ya rufe. Ɗalibanmu na Jami'ar Afirka suka yi Sallah a ɗakunan kwanansu, ƙarar bindiga ba ta yankewa.

Sai ranar 26 motocin farko suka kwashe su zuwa Masar. A tsakiyar hamada wasu direbobi suka kashe mota, wai ba a cika masu kuɗinsu ba. A iyakar Arkin kuma aka hana su shiga, suka yi kwanaki suna kwana a fili, ruwan sha ma sai an yi tsimi. Iyaye a Kano da Katsina kuwa, waya a hannu, barci ya ƙaurace masu.

Jirgin farko ya sauka Abuja daren 3 ga Mayu. Saura suka biyo baya, wasu ta Port Sudan.