Ba Asiri Aka Yi Musu Ba

Har yau ana maimaita wata magana a majalisu daga Kazaure zuwa Roni: wai ɗan wane ya ajiye aikin jirgin sama lokacin korona, don haka ko asiri aka yi masa, ko kuma ɗan hali ne aka sallame shi a ɓoye. Haba jama'a, a ji tsoron Allah!

Mu nan da an ce mutum yana aikin jirgi, shi ke nan, dala yake kwasa. Alhali yawancinsu ba matuƙa ba ne. Masu yankan tikiti ne da masu lodin kaya da masu hidimar fasinja. A watan Maris na 2020 gwamnati ta hana jiragen ƙetare sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano, na cikin gida ma suka tsaya cik, ba su dawo Kano ba sai 11 ga Yuli. Saudiyya kuma ta hana baƙi zuwa Hajjin 2020 da na 2021, ga shi jigilar alhazai ita ce kakar kamfanoni irin su Max Air. Arik ya tura mafi yawan ma'aikatansa hutun da babu albashi, ya sallami 300 a Disamban 2020. Air Peace ya sallami matuƙa wajen 70 a Agustan 2020. To, ina asiri a nan?

Matuƙin ma da nasa ciwon kai: sai ya tashi ya sauka sau 3 cikin kwana 90 kafin a bar shi ya ɗauki fasinja, ga gwajin ƙwarewa da galibi a waje ake yi, da dala. Wasu kuwa tsoron kwaso wa iyali cuta ne ya kore su.

Saboda haka idan naku ya dawo ya kama noman rani a Kazaure ko fataucin riɗi a Babura, ku daina jan sa wajen boka. A rage masa jerin buƙatu, yau kuɗin ragon suna, gobe gudummawar biki. Kai kuma da kake cikin aikin, kada ka ajiye shi da baki cikin fushi. Rubuta takarda, ka karɓi ta sallama, ka bi haƙƙinka ta ƙungiyarku, ka duba ko ana zuba maka kuɗin fansho. In kana da lasisi, kada ka bari ya mutu, don farfaɗo da shi ya fi sabuntawa tsada.