Ido Ba Mudu Ba: Wayar Hannu Da Awon Ƙarancin Jini

Duk wanda ya taɓa raka mai ciki awo a ƙaramin asibitin karkara, kamar na yankin Farfaru a Jibiya, ya san yadda malamin asibiti kan ja fatar idonta ƙasa ya duba. In ya ga ja, sai ya ce da sauƙi. In kuwa ya ga fari, to jini ya yi ƙaranci. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Yanzu masana suna ƙoƙarin ba idon nan mudu.

Abin da ake aunawa shi ne himoglobin, watau sinadarin da ke ba jini launin ja, yana kuma kai iska ga sassan jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai cikin da nata bai kai giram 11 a kowace desilita ba a watanni ukun farko ko na ƙarshen ciki tana da ƙarancin jini. Binciken lafiyar jama'a na Nijeriya na 2018 ya nuna kashi 68 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar suna fama da shi, haka kuma kashi 58 na matan da ke shekarun haihuwa. Zazzaɓin cizon sauro, tsutsar ciki, ciwon sikila da rashin abinci mai gina jini su ne manyan dalilai.

A 2018 masana na Jami'ar Emory a Amurka suka ƙirƙiro manhajar waya wadda ke kimanta jini daga hoton farce. A 2023 kuma wasu daga Landan da Gana suka fitar da sakamakon gwajin hoton ido da leɓen yara da suka yi a Akara. Ba allura, ba zubar da jini.

Sai dai a yi hattara. Lallen da matanmu ke ƙunsawa yana rufe launin farce, hasken ɗaki ma yana canja hoto. Saboda haka wayar ba ta maye gurbin ɗakin gwaje-gwaje. Aikinta shi ne ta nuna wadda ya kamata a gaggauta kai ta Jibiya ko Katsina tun kafin naƙuda, domin mai ƙarancin jini ba ta jure zubar jinin haihuwa.

Ya rage ga ma'aikatan lafiya da ɗalibanmu su gwada dabarar nan a kan mutanenmu kafin a dogara da ita. Kafin nan, a riƙa zuwa awo, a kwana cikin gidan sauro, a ci zogale, wake da hanta.