Launin Ɓawon Tsaba da Ajiyar Amfanin Gona a Kudu

Manoma da fatake masu kai dawa da wake da gyaɗa daga kasuwar Dawanau zuwa Fatakwal sun san wannan matsala. Buhun da zai shekara lafiya a rumbu a Kano, in ya sauka a shago a Trans-Amadi da damina, sai ya soma fumfuna cikin 'yan makonni. Dalili shi ne laima, domin ruwan saman da ake yi a Fatakwal ya haura milimita 2,000 a shekara, wato fiye da ninki biyu na na Kano. Amma ba kowace tsaba ke lalacewa da sauri iri ɗaya ba, kuma wani ɓangare na bambancin yana cikin ɓawonta.

Idan kuka tauna jan wake ɗanye ko siririyar jar fatar da ke jikin gyaɗa, za ku ji bauri. Wannan baurin, da ma yawancin launin ja ko baƙi, daga wasu sinadarai ne da masana ke kira dangin fenol, kuma tanin yana cikinsu. Shuka na tara su a ɓawo don ta kare 'ya'yanta. Aiki biyu suke yi. Na farko, suna rage saurin ɓacin mai. Iskar oksijin kan haɗu da man da ke cikin tsaba, sai ya soma wari da ɗaci, su kuwa sinadaran suna tare wannan haɗuwar na wani lokaci. Riɗi ne babban misali, domin sinadarin sesamol da ke fitowa idan an soya shi na cikin abin da ya sa mansa ke daɗewa bai lalace ba. Na biyu, suna hana ƙananan ƙwayoyin cuta da fumfuna sakewa, ta hanyar ɓata fatar jikinsu da kuma damƙe sinadaran da suke narkar da abinci da su.

A dawa ne aka fi ganin wannan a gona. Nau'in da ke da tanin ya fi farafara jure fumfunar zangarniya idan ruwa ya daɗe bai ɗauke ba, kuma jan baki ba ya rububinsa sai ya rasa wani abin ci. Sai dai a lura, ba kowace jar dawa ce ke da tanin ba. A kankare bayan ƙwayar da wuƙa, in an ga wani shafi mai duhu a ƙarƙashi, to akwai shi. Karan dafi, wanda dukawa suka daɗe suna rina fata da shi, jansa ma daga dangin fenol ne, ko da yake shi a kuben ganye ya fi taruwa. Haka lamarin yake ga gurjiya da mutanen Inugu ke saye don yin okpa: baƙa da ja sun fi fara yawan sinadaran.

A nan nake son a yi hattara, don na sha jin ana cewa jar tsaba maganin cuta ce. Gwajin da ke nuna ruwan ɓawo ya hana ƙwayar cuta girma, yawanci a faranti ake yinsa a ɗakin bincike, da ƙarfin da ba a samu a kwanon tuwo. Kada kowa ya bar maganin asibiti saboda shi. Bugu da ƙari, tanin na da nasa illa, domin yana riƙe sinadarin ƙarfe da furotin, ya hana jiki amfana da su yadda ya kamata. Wannan ya fi shafar yara da mata masu ciki, kuma kajin da aka ciyar da dawa mai tanin zalla ba sa saurin girma. Surfe da jiƙo da tsiro da barin gasara ta yi tsami duk suna rage shi. Ke nan ɓawo a bar shi lokacin ajiya, a rage shi lokacin girki.

Don haka mai kai kaya Fatakwal ko Anacha kada ya surfe hatsi tun daga gida, kuma gyaɗa gara ta tafi da kwansonta. In ba zai yiwu ba, a tsince fasassu da waɗanda jar fatar ta saluɓe, domin ta nan fumfunar da ke haifar da gubar aflatoksin ke samun ƙofa. Wannan guba tana ɓata hanta, dafuwa ba ta kawar da ita, kuma jan ɓawo ba ya hana ta idan tsabar na da danshi. A busar da dawa da wake har danshinsu ya sauka zuwa kashi 12 ko 13 cikin 100, ɓararriyar gyaɗa kuwa kashi 7 zuwa 8. A zuba busasshen wake a buhu mai leda biyu irin na PICS, a ɗaure kowace leda daban. A shago kuma a jera buhuna a kan katako, a bar tazara tsakaninsu da bango, a riƙa buɗe ɗaya daga ƙasan jeri duk mako ana shinshinawa.