Idan Birkin Gaba Ya Yi Laushi, Kada Ka Hau Titi

Da yawa daga masu tsofaffin babura sun san wannan yanayi: ka damƙe hannun birki, ka ji shi lagwaf kamar ka matsa soso, har ya kusa taɓa kan babur kafin ya kama. Wasu sai su ce ai tsufa ne, su koma dogaro da birkin baya. Wannan ganganci ne, domin birkin gaba shi ke ɗauke da kusan kashi 70 cikin 100 na ƙarfin tsayar da babur.

Fara da sanin irin birkinka. Idan na waya ne, irin wanda ke kan yawancin Bajaj Boxer na 'yan acaɓa, to ko dai wayar ta saki, ko takalman birkin sun cinye. Ɗaure notin da ke ƙarshen wayar. In ka ɗaure har ƙarshe bai kama ba, takalman ne za a canza. Wayar da ta fara tsittsinkewa kuwa a jefar da ita nan take.

Idan na faifai ne mai aiki da mai, hannunka ma zai gaya maka inda ciwon yake. Matsa birkin sau biyar ko shida a jere. In ya yi tauri, sannan bayan ɗan lokaci ya sake saki, galibi iska ce ta shiga. Mai ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa, sai ƙarfin hannunka ya ƙare a kanta. Maganinta a zuƙe ta ta ƙaramin notin da ke jikin kalifa, wato ƙarfen da ke damƙe faifan, ana ƙara mai a sama, har kumfa ya daina fitowa.

In kuwa ka riƙe shi da ƙarfi, ka ji yana nutsewa sannu a hankali, to robobin cikin masta, wato famfon da ke jikin hannun birki, sun gaji, ko mai yana yoyo. Shafa yatsa a bakin tiyo da gefen kalifa, ka ga ko akwai danshi. Sannan ka kama tiyon da hannu ɗaya, ka matsa birki da ɗayan. Idan ka ji yana kumbura a tafinka, ya tsufa, a sauya shi.

Leƙa man shi kansa. Sabo garau yake kamar man gyaɗa. Wanda ya koma kalar shayi ya gama aiki. Man birki na tsotsar danshin iska. Sabon mai irin DOT 4 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 230, amma in ya sha ruwa, ƙa'idarsa kan sauka zuwa 155. Shi ya sa birki kan ɓace a doguwar gangara, kuma shi ya sa ake canza man duk shekara 2. Zuba irin wanda aka rubuta a kan murfin mazubin man. Kada ka haɗa DOT 5 da DOT 3 ko DOT 4, kuma kada ka kuskura ka zuba baƙin mai, domin zai kumbura robobin ya lalata su.

Idan abin ya fi ƙarfinka, tura babur ɗin zuwa wurin bakanike, kada ka hau shi. Rigakafi ya fi magani. Kuɗin kwalbar mai bai kai na ɗorin karaya ba, kuma wanda ka goya a baya amana ce a wuyanka.