Damargu: abin da jini ke faɗa kafin kaluluwa ta zama sankara

A Tanut da Belbeji, inda iskar hunturu ke tsattsage leɓe, bazara kuma ta ƙone maƙogwaro, ba mai mamakin bushewar baki da ido. Sai dai akwai bushewar da ba ta wucewa ko damina ta sauka: ido kamar an zuba masa rairayi, tuwo ba ya haɗiyuwa sai da ruwa, haƙora na lalacewa, ga gajiya da ciwon gaɓoɓi. Wannan na iya zama cutar Sjögren, wadda ta ɗauki sunan likitan idon ƙasar Suwidin da ya bayyana ta a 1933.

Tana cikin cututtukan da garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi jikin da ya kamata ta kare. A nan gurbin yawu da na hawaye take far wa. Tara cikin goma na masu fama da ita mata ne. Abin da ya fi damun likitoci shi ne, kimanin 5 cikin 100 na waɗannan marasa lafiya kan kamu da sankarar kaluluwa, wato limfoma, galibi a gurbin yawun da ke gaban kunne. Dalili kuwa, ƙwayoyin garkuwar da suka shekara da shekaru suna hayayyafa ba hutu, wata rana ɗayansu na iya kauce hanya.

Tambaya biyu likita ke yi wa jini: yaya zafin cutar yake yanzu, kuma wa ya kamata a fi sa wa ido?

Ta farko tana farawa da awon da aka saba gani a takardar likita, NFS da VS. NFS na ƙirga ƙwayoyin jini, ya nuna ko fararen da ake kira limfosit sun ragu. VS kan hau idan sinadaran garkuwa sun yi yawa a jini, alhali CRP sau da yawa ba ya motsawa a wannan cuta. Idan CRP ya yi sama sosai, sai a fara neman wata ƙwayar cuta.

Ta biyu tana buƙatar babban ɗakin gwaji. Ana duba raguwar sinadarin C4, da wanda ake kira RF, da kuma kiriyogulobilin, furotin ɗin da ke daskarewa idan jini ya huce. Shi wannan na ƙarshe dole a riƙe jininsa da ɗumin jiki, digiri 37, har a tace shi. Jinin da aka ɗiba a ƙauye aka kai birni cikin ƙanƙara zai iya nuna babu, alhali akwai. Idan waɗannan alamu suka haɗu da kumburi kamar na hangum da ya ƙi sacewa, ko jajayen ɗigo-ɗigo a ƙafafu, haɗarin ya ƙaru.

Amma awon jini nuni ne kawai, ba hukunci ba. Zazzaɓin cizon sauro da tarin fuka suna ɗaga VS, ciwon hanta nau'in C na haifar da kiriyogulobilin, tarin fuka da sida kuma suna kumbura kaluluwa. Ba a tabbatar da limfoma sai an yanki ɗan nama an duba shi da madubin likita.

Nan nisa ke shigowa. Daga Tanut zuwa babban asibitin Damagaram wajen kilomita 150 ne, daga can zuwa Yamai, inda cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa take, kusan 900. Wannan ne ke sa wasu komawa ga ƙwayoyin kasuwa irin su dezametazon. Suna sace kumburi na ɗan lokaci, amma suna iya ɓoye limfoma har a idon mai duba naman.

Don haka duk kaluluwar da ta wuce wata guda, musamman da rama, zufar dare ko zazzaɓin da ya ƙi jin magani, a kai ta CSI mafi kusa a nemi takardar turawa gaba. A kuma adana kowane sakamakon awo, domin da na bara likita ke auna na bana. Limfomar da ke biyo bayan Sjögren galibi a hankali take tafiya, kuma tana jin magani idan an gano ta da wuri.